Martanin Mai Karatu ga Ƙagaggen Labari: Misali Daga Littafin Little Women na Louisa May Alcott

1.0 Gabatarwa

Akasarin nazarce-nazarcen da ake yi a kan ƙagaggun labarai a sassan koyar da harsunan Nijeriya sun fi karkata ga jigo da salo da zubi da tsari da kuma taurari. Wani lokaci a ƙara da tarihin marubuci. Wanda ba a cika waiwaya ba shi ne mai karatu, wato mutumin da ya ciri kuɗinsa ya sayi littafin, ko ya ara, ya zauna ya karanta, ya yi dariya ko ya yi ƙwalla, wani sa'in ma ya yi jifa da littafin don haushi. Irin wannan martani akan bar shi ga zauren hira, ba a cika ganin ya isa a kawo shi teburin nazari ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa haushin mai karatu shi ma shaida ce, kuma idan aka bi sawunsa yakan kai manazarci ga wani abu da ke cikin matanin wanda nazarin jigo kaɗai ba zai tono shi ba. An ɗauki misali daga littafin Little Women, wato 'yan mata ƙanana, wanda Louisa May Alcott ta ƙasar Amurka ta rubuta. Dalilin zaɓensa biyu ne. Na farko, martanin masu karanta shi a rubuce yake tun daga 1868. Na biyu, littafin ya fito ne kashi biyu, kuma masu karatu sun sami damar tsoma baki a tsakanin kashin farko da na biyu, tsarin da duk wanda ya san ƙagaggun labaran Hausa na zamani ba zai ga baƙonsa ba.

2.0 Matsayin Mai Karatu a Fagen Tarke

Masana uku ne za a dogara da ra'ayoyinsu a nan. Louise Rosenblatt (1938) ta nuna cewa ma'anar aikin adabi tana samuwa ne a lokacin da matani ya haɗu da mai karatu, kowane da abin da ya zo da shi. Hans Robert Jauss, a laccar da ya gabatar a Jami'ar Konstanz ta ƙasar Jamus a 1967, ya ƙara da cewa babu mai karatun da ke buɗe littafi da zuciya fayau. Yana zuwa ne da tsammani, wanda littattafan da ya karanta a baya da al'adar zamaninsa suka gina masa, kuma littafi ko dai ya cika wannan tsammani ko ya karya shi. Shi kuwa Wolfgang Iser (1976) ya yi bayani a kan giɓin da marubuci yake bari a cikin labari, wanda mai karatu ne ke cike shi da kansa. Waɗannan kalmomi biyu, tsammani da giɓi, su ne za su yi mana jagora.

3.0 Marubuciyar da Littafinta

An haifi Louisa May Alcott a 1832, ta rasu a 1888, kuma ba ta taɓa yin aure ba. Mahaifinta, Bronson Alcott, malami ne mai zurfin tunani amma maras sa'ar neman abin masarufi, saboda haka tun tana budurwa ta shiga ɗinki da koyarwa da aikatau domin tallafa wa gida. Ta yi aikin jinyar sojoji na ɗan lokaci a yaƙin basasar Amurka (1861–1865). Haka kuma ta daɗe tana rubuta labaran kisan kai da cin amana da ramuwar gayya ga jaridu masu araha, wasu da sunan aro na A. M. Barnard, sirrin da bai fito fili ba sai a 1943 lokacin da Leona Rostenberg ta gano shi. Ya kamata a riƙe wannan batu, domin zai dawo a gaba.

Thomas Niles, edita a kamfanin ɗab'i na Roberts Brothers da ke Boston, shi ne ya nemi ta rubuta littafi domin 'yan mata. Ba da son ranta ta karɓa ba. Ta fara a watan Mayu na 1868, ta gama cikin 'yan makonni, aka buga kofe 2,000 a ƙarshen Satumba. Ba ta sayar da littafin kacokan ba, ta riƙe haƙƙin mallakarsa tana karɓar kaso daga ciniki, kuma wannan shawara ce ta fitar da gidansu daga bashi.

3.1 Kashi na Farko

Labarin 'yan'uwa mata huɗu ne na gidan March: Meg mai shekara 16, Jo mai 15, Beth mai 13, da Amy mai 12. Mahaifinsu ya tafi fagen fama yana yi wa sojoji wa'azi, suna zaune da mahaifiyarsu cikin rufin asiri mai kama da talauci. Maƙwabcinsu wani yaro ne maraya, Laurie, jikan wani attajiri. A babi na 13 kowannensu ya faɗi burinsa. Meg tana son gida na alfarma. Beth ba ta son komai sai zama tare da iyayenta. Amy tana son ta tafi birnin Rum ta zama gwanar zane ta duniya. Jo kuwa so take ta rubuta littattafai, ta yi suna, ta yi kuɗi da alƙalaminta.

Jo ita ce babbar tauraruwa, kuma an gina ta yadda mai karatu ba zai iya kauce mata ba. Tana da zafin rai, ba ta son kwalliya, takan ɓuya a ɗakin sama ta yi ta rubutu. Da Amy ta ƙona mata littafin da ta shekara da shekaru tana rubutawa, mai karatu ya ji zafin tare da ita. Da aka aiko cewa mahaifinsu ba shi da lafiya a Washinton, ta je ta sayar da gashin kanta a kan dala 25 domin guzurin mahaifiyarta. Duk cikin wannan, abokin wasanta da sirrinta shi ne Laurie. Shi ne ya tare ta a hanya ranar da ta kai labaranta na farko gidan jarida, kuma shi ne ya fara taya ta murna.

Kashin ya ƙare a babi na 23 da baikon Meg. Marubuciyar ta rufe da cewa ci gaban labarin ya dogara ne ga irin karɓar da aka yi wa wannan kashi. Wato da bakinta ta gayyaci masu karatu, kuma ta bar musu giɓi mai faɗi: me zai faru tsakanin Jo da Laurie?

3.2 Wasiƙu da Kashi na Biyu

Masu karatu sun amsa gayyatar. A farkon Nuwamba na 1868, lokacin da ta fara kashi na biyu, Alcott ta rubuta a kundin da take ajiye bayanan rayuwarta cewa 'yan mata sun dame ta da wasiƙu suna tambayar wa kowace za ta aura, sai ka ce aure ne kaɗai abin da mace take rayuwa dominsa, kuma ta ci alwashin ba za ta aurar da Jo ga Laurie don ta faranta wa kowa ba. A wata wasiƙa da ta aika wa wata ƙawarta, Elizabeth Powell, a watan Maris na 1869, ta bayyana cewa da son samu ne da Jo ta zauna ba aure tana rubutunta, amma matsin ya yi yawa har ba ta iya ƙi ba, saboda haka da gangan ta zaɓa mata miji na ban dariya.

Kashi na biyu ya fito a watan Afrilu na 1869 da babi 24. A Ingila masu ɗab'i sun laƙaba masa suna Good Wives, wato matan kirki, sunan da ba ita ta raɗa ba. A cikinsa Jo ta ci gasar rubutu ta dala 100, ta sayar da littafinta na farko a kan dala 300, sa'annan ta tafi New York tana kula da yara a wani gidan saukar baƙi tana kuma sayar wa wata jarida labaran ban tsoro. A nan ta haɗu da Farfesa Friedrich Bhaer, Bajamushe mai kimanin shekara 40, matalauci, mai riƙon 'ya'yan 'yar'uwarsa biyu. Ya nuna ƙyamar irin waɗannan labarai, ita kuma ta koma ɗaki ta cusa nata a murhu. Da ta dawo gida Laurie ya nemi aurenta ta ƙi. Beth ta rasu. Amy ta isa Rum, ta ga ayyukan magabata, ta yanke hukuncin cewa basirarta ba ta kai ba, ta ajiye burinta, daga baya ta auri Laurie. Jo ta auri Bhaer, suka buɗe makarantar yara maza a gidan da ta gada daga wata gwaggonsu.

Abin lura a nan shi ne, babu wanda ya sami abin da yake so. Masu karatu sun nemi Laurie ba su samu ba. Marubuciya ta so Jo ta zauna ba aure ba ta samu ba. Ƙarshen da muke karantawa a yau sulhu ne da aka yi bisa tilas, kuma tabon tilas ɗin yana nan a jikin matanin.

4.0 Martani Daga Zamani Zuwa Zamani

Martanin da ya fi ba da mamaki shi ne na Simone de Beauvoir, marubuciyar Faransa wadda littafinta na 1949 ya zama ginshiƙin ra'ayin 'yancin mata a Turai. A tarihin ƙuruciyarta da ta wallafa a 1958 ta faɗi yadda ta ga kanta a jikin Jo, har ta fara rubuta gajerun labarai don koyi da ita. Sa'annan ta ba da labarin ranar da ta buɗe kashi na biyu ta ci karo da auren Laurie da Amy: jifa ta yi da littafin kamar ya ƙona mata hannu. Wannan yarinya ita ce daga baya ta ƙi aure a rayuwarta, ta kuma yi rubutu mai tsawo a kan yadda aure ke daƙile mace. Amma a matsayinta na mai karatu, abin da ya ƙona mata rai shi ne an hana Jo saurayinta. Duk wanda yake ganin masu neman a aurar da Jo ga Laurie 'yan mata ne marasa tunani, to sai ya yi bayanin wannan.

Barbara Sicherman (1995) ta bi diddigin abin da mata daban-daban suka rubuta game da littafin, ta gano cewa matsayin mai karatu a cikin al'umma yana sauya abin da take gani. 'Ya'yan masu hali, waɗanda zaman gida bai zame musu abin marmari ba, Jo suka riƙe a matsayin hanyar fita. M. Carey Thomas, wadda ta shugabanci kwalejin mata ta Bryn Mawr daga 1894 zuwa 1922, tana yarinya har sunan Jo ta ara tana kiran kanta da shi a kundinta. Su kuwa 'ya'yan Yahudawa baƙin haure da suka taso a unguwannin talakawa, gidan March ɗin kansa ne ya burge su: natsuwarsa da tarbiyyarsa da kamalarsa, domin a wurinsu wannan shi ne zama cikakken Ba'amurke. Abin da waɗancan suke gudu, shi waɗannan suke nema, alhali littafi ɗaya ne a hannunsu.

Daga shekarun 1970 ƙorafin ya juya. Manazarta mata suka daina tambayar me ya sa ba ta auri Laurie ba, suka koma tambayar me ya sa ta yi aure sam. Judith Fetterley (1979) ta nuna cewa littafin yana ɗauke da saƙo biyu masu yaƙi da juna, na fili mai koyar da haƙuri da sadaukarwa, da na ɓoye mai nuna irin hasarar da mace ke yi idan ta bi na filin. Fitowar labaran A. M. Barnard a littafi a 1975 ta ƙarfafa wannan karatu, domin a lokacin ne kowa ya ga cewa labaran da Jo ta ƙona don kunya irinsu ne Alcott ta rubuta ta ciyar da gidansu. Fim ɗin da Greta Gerwig ta shirya a 2019 ya ɗauki wannan martani ya mayar da shi cikin labarin: an nuna edita yana tilasta wa Jo ta aurar da tauraruwarta, ita kuma tana ciniki a kan haƙƙin mallaka.

5.0 Ina Ainihin Ciwon Yake?

A zahiri ƙorafin 1869 da na 1979 kishiyoyi ne. A ganina tushensu ɗaya.

Idan aka koma kashi na farko za a ga cewa marubuciyar ta dasa buri biyu a zuciyar mai karatu a lokaci guda, wato Jo ta zama marubuciya, kuma kada ta rabu da Laurie. Ba ta taɓa nuna cewa biyun za su yi karo ba. Hasali ma Laurie ne namiji guda da Jo take sakewa a gabansa ba tare da ta rage komai daga halinta ba. Suna tsere, suna faɗa, yana karanta abin da ta rubuta. Saboda haka mai karatu ya cike giɓin da abin da ya fi sauƙi: ga wurin da buri da soyayya za su zauna a inuwa ɗaya. Lokacin da yarinyar 1869 ta rubuta wasiƙa tana neman Laurie, ba lallai ne dukiyarsa ko kyansa take nema wa Jo ba. Tana neman tabbaci ne cewa mace za ta iya samun biyun. Alcott ta karanta wasiƙun a matsayin shaidar cewa 'yan mata ba su san komai ba sai aure, kuma a nan ina jin ba ta yi musu cikakken adalci ba.

Sai dai kuma matanin yana da hujjarsa, kuma hujja ce mai ƙarfi. Tun kafin tafiya New York mahaifiyar Jo ta faɗa mata cewa ita da Laurie halinsu ya yi kama da yawa, dukansu masu zafin kai ne. A babi na 35, inda ta ƙi shi, Jo ta kawo dalilin da ya fi kowane nauyi: matar attajiri tana da ayyukan da aka tanadar mata na ado da karɓar baƙi, shi zai gaji da rubutunta, ita kuwa ba za ta iya rayuwa ba tare da shi ba. Wato ta ƙi Laurie ne domin ta tsare alƙalaminta. Har zuwa nan babu abin da za a zargi marubuciyar da shi. Ta karya tsammanin mai karatu, amma ta biya shi da gaskiyar da ta fi tsammanin nasa.

Matsalar tana cikin abin da ya biyo baya. Mai karatu ya haƙura da Laurie bisa sharaɗin cewa za a bar masa marubuciya. Sai ga shi mijin da aka kawo shi ne wanda maganarsa ta sa ta ƙona rubutunta, kuma a babin ƙarshe Jo tana tsakiyar yara tana cewa littafin kirkin da take fata zai iya jira. An karɓe na farko, an kuma jinkirta na biyu. Wannan hasara biyu ita ce mai karatu yake ji, ko da wane suna ya kira ta. Ta 1869 ta kira ta Laurie domin shi ne sunan da zamaninta ya ba ta; ta 1979 ta kira ta alƙalami.

Adalci ya sa a ambaci cewa Bhaer ba maƙiyin rubutu ba ne. Wata waƙa da Jo ta buga a jarida ita ce ta dawo da shi wurinta, kuma a littafin Jo's Boys na 1886 an nuna Jo ta zama shahararriyar marubuciya har masoya suna hana ta sakat. Amma shekara 17 ke tsakanin littattafan biyu, kuma mafi yawan masu karatu a babi na 47 suke tsayawa. Sicherman tana ganin wannan rashin gamsuwa yana cikin abin da ya raya littafin, domin labarin da ya ƙare yadda ake so akan rufe shi a manta, wanda ya bar ƙaiƙayi kuwa akan koma masa. Ina ganin ta yi gaskiya, ko da yake wannan ba ya nufin Alcott ta shirya hakan ne da hikima. Ita da kanta ta ce taurin kai ne.

6.0 Abin da Ya Shafi Manazarcin Adabin Gida

Wannan karo tsakanin buri da soyayya ba sai an je Amurka za a same shi ba. A The Stillborn na Zaynab Alkali (1984), Li ta yi karatu ta zama malama, ta zama ita ce madogarar gidan mahaifinta, sa'annan a shafukan ƙarshe ta yanke shawarar komawa ga Habu, mijin da ya wulakanta ta, bayan hatsari ya naƙasa shi. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu (1990), sunan littafin kansa ya ɗaure ilimin mace da aurenta a igiya ɗaya. Tambayar da aka yi wa ƙarshen labarin Jo za a iya yi wa waɗannan, kuma amsar ɗalibar jami'a ba lallai ta zama ɗaya da ta matar aure da ta karanta a cikin ɗaki ba.

Dangantakar da ta fi wannan ƙarfi ita ce ta tsarin fitar da littafi. Ƙagaggun labaran Hausa da suka bunƙasa a Kano tun daga tsakiyar shekarun 1980, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991), yawancinsu kashi-kashi suka fito, littafi na ɗaya da na biyu, wani har na uku, kuma marubuta da dama sukan sa adireshinsu a jiki. Brian Larkin (1997) ya yi bayanin yadda masu karatu suke ɗaukar waɗannan labarai a matsayin madubin matsalolinsu har su tuntuɓi marubutan. A yau kuma, da ake sakin labari shafi-shafi ta Wattpad da WhatsApp, tazarar da ke tsakanin marubuciya da mai karatu ta koma ta sa'o'i. Ke nan yanayin da ya haifi Farfesa Bhaer yana nan a adabinmu, kuma ya ma fi ƙarfi.

Mun san abin da ya faru tsakanin Alcott da masu karatunta ne saboda an adana kundinta da wasiƙunta, Ednah Cheney ta fara buga su a 1889, shekara guda bayan rasuwarta. Wasiƙun da aka aika wa marubutan Hausa a shekarun 1990 takardu ne da gara da damina ba sa ɗaga musu ƙafa, kuma saƙon waya ya fi su saurin ɓacewa. Aikin da ke gaban manazarci shi ne ya nemi izinin marubutan da ke raye ya ga abin da suka ajiye, ya tambaye su abin da aka roƙe su bayan fitowar littafi na ɗaya, sa'annan ya ɗauki littafi na biyu ya duba wace tauraruwa aka aurar, ga wa, kuma a wane shafi aka daina maganar makarantarta.